Dillalin Bayi A Tsakiyar Gari: A Sauke Shi Ko A Bar Shi?

A watan Fabrairun 2025 ma'aikatar tsaron Amurka ta mayar wa wani katafaren sansanin soja da ke jihar North Carolina tsohon sunansa, Fort Bragg. Ko shekara biyu ba a yi ba da cire sunan. An cire shi ne domin Braxton Bragg janar ne na 'yan awaren Kudu, waɗanda suka ɗauki makami daga 1861 zuwa 1865 don kada a hana su riƙe bayi, kuma shi kansa bayi ne suke noma masa rake a Louisiana. Da yake doka ta hana a sa sunansa, sai aka lalubo wani soja mai suna Roland Bragg da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, aka ce ai shi ake nufi. A watan Oktoba na shekarar kuma aka mayar da mutum-mutumin Albert Pike, shi ma janar na 'yan awaren, kan dakalinsa a birnin Washington.

Hujjar da ake kafawa ɗaya ce: wai sauke irin waɗannan abubuwa goge tarihi ne. Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan hujja ta sami gindin zama har a bakin mutanenmu, jikokin waɗanda aka sayar da jikokin waɗanda suka sayar.

Matsayina a fili yake. Mutum-mutumin da aka kafa a tsakiyar gari girmamawa ce. Wanda aka san arzikinsa ko sunansa daga cinikin 'yan Adam ya fito bai cancanci wannan girmamawa ba, don haka a sauke shi. Amma a sauke shi ta hanyar da ta dace, a adana shi, a rubuta cikakken abin da ya aikata a gefensa. Kuma kada kowa ya ɗauka cewa da an sauke shi an biya bashi.

Abin da ya faru a Bristol

Babu misalin da ya fi na Edward Colston fito da komai fili. An haife shi a Bristol ta Ingila a 1636, ya mutu a 1721. Daga 1680 zuwa 1692 yana cikin masu hannun jari da shugabannin kamfanin Royal African Company, har ya zama mataimakin gwamnan kamfanin a 1689. A waɗannan shekaru jiragen kamfanin sun kwashi 'yan Afirka kimanin 84,000 zuwa nahiyar Amurka, cikinsu har da yara kimanin 12,000. Kimanin 19,000 sun mutu a hanya, an watsa gawarsu a teku. Kafin a loda mutum a jirgi sai an yi masa lalas a ƙirji da haruffan kamfanin.

Ga abin da masu cewa ana goge tarihi ba sa son a duba. Ba mutanen zamanin Colston ne suka kafa masa mutum-mutumi ba. An kafa shi a 1895, shekara 174 bayan mutuwarsa, fiye da shekara 60 bayan Birtaniya ta yi dokar hana bauta. Wani attajiri mai buga littattafai, James Arrowsmith, shi ya ja gaba, kuma gudummawar da aka nema daga jama'a ba ta ma kai kuɗin aikin ba. A allon da aka manna a dakalin an rubuta cewa mutanen Bristol sun kafa shi don tunawa da ɗaya daga cikin 'ya'yan birnin mafiya nagarta da hikima. Ko kalma ɗaya babu game da bayi.

To wane tarihi wannan allo ya koyar a shekara 125 da ya yi a tsaye? Yaron da ya wuce ta gabansa zuwa makaranta abin da ya koya shi ne Colston mutumin kirki ne. Tarihin an riga an goge shi tun 1895, kuma da tagulla aka goge shi.

Haka lamarin yake a Amurka. Mafi yawan gumakan 'yan awaren Kudu ba a ƙarshen yaƙi aka kafa su ba. An kafa su ne daga wajen 1900 zuwa shekarun 1920, daidai lokacin da jihohin Kudu suke ƙwace wa baƙaƙen fata ƙuri'a suna kafa dokokin wariya, sannan aka sake wani zubin a shekarun 1950 da 1960 lokacin da baƙaƙen suka tashi neman 'yancinsu. Da yawa a harabar kotu aka girke su. A 1913, ranar da aka buɗe wani a Jami'ar North Carolina, wani tsohon sojan 'yan awaren mai suna Julian Carr ya tsaya gaban jama'a yana alfahari da yadda ya taɓa zane wata baƙar mace da bulala a kusa da wurin. Waɗanda suka kafa abin sun san saƙon da suke aikawa.

Bahaushe ya fi kowa sanin wannan. Ba ka raɗa wa ɗanka sunan mutum domin ka riƙa tuna laifinsa. Wanda ka yi wa takwara, ka yarda da shi ke nan, kana fatan yaron ya ɗauko halinsa. Gari ma haka yake yi da wanda ya ɗora a kan dakali.

"Ai mutumin zamaninsa ne"

Wannan ita ce hujja ta biyu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Lallai a ƙarni na 17 dokar Ingila ba ta hana cinikin bayi ba, ɗan'uwan sarki ma, wanda ya zama Sarki James na Biyu, shi ne gwamnan kamfanin.

Amma waɗanda aka ɗaure a cikin jirgi su ma mutanen zamanin ne, kuma ba su taɓa ɗaukar abin a matsayin daidai ba. Masana sun ƙiyasta cewa a kusan kowace tafiya goma ta jiragen bayi an yi tawaye a ɗaya. A 1688, Colston yana tsakiyar cinikinsa, wasu Kiristoci 'yan ɗariƙar Quaker a Germantown ta Pennsylvania suka rubuta takardar ƙin amincewa da bauta. Idan aka ce "zamaninsa," zamanin mai jirgi ake nufi, an bar na ƙasan jirgi a waje.

Sai kuma a ce ya yi alheri. Ya yi. Ya gina makarantu da gidajen gajiyayyu a Bristol, wasu suna nan har yau. Amma ya gindaya sharaɗi cewa sai wanda ya bi cocinsa da ra'ayinsa zai amfana. Ko da babu wannan sharaɗi, ba wanda ya ce a rushe makarantun. Ana iya ci gaba da karatu a cikinsu, a kuma faɗa wa ɗalibai inda wani ɓangare na kuɗin ya fito.

Ina za a tsaya?

Wannan tambaya ce ta gaskiya, ba ta raini ba. George Washington, shugaban Amurka na farko, ya mallaki bayi. Thomas Jefferson, shugaba na uku, ya mallaki fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Duk za a sauke su?

Akwai ma'auni, kuma an gwada shi. A 2016 Jami'ar Yale ta kafa kwamiti da ya fitar da ƙa'idojin sauya suna, wanda a kansu aka cire sunan John Calhoun daga wata kwaleji a 2017. Babbar tambayar ita ce: mene ne ainihin abin da aka san mutumin da shi? Calhoun ya shahara ne da kare bauta, har yana cewa alheri ce. Janar Robert Lee ba don komai aka kafa masa gunki ba sai don ya jagoranci rundunar masu kare bauta. Washington kuwa don kafa ƙasa ake tuna shi, saboda haka nasa yana iya tsayawa, da sharaɗin a faɗi gaskiyar bayin da ke gidansa na Mount Vernon. A ƙara da wasu tambayoyin: wa ya kafa abin, a wace shekara, da wace niyya, kuma a ina? Gunkin da ke maƙabartar sojoji daban yake da wanda ke ƙofar kotun da jikan bawa zai shiga neman haƙƙinsa.

Taron jama'a da igiya

Ranar 7 ga Yunin 2020, bayan kisan George Floyd, masu zanga-zanga suka ɗaura wa Colston igiya suka jawo shi ƙasa, suka gangara da shi suka jefa cikin ruwan tashar jiragen Bristol. Ba na goyon bayan wannan hanya, kuma dalilaina na zahiri ne. Tagulla mai tsawon fiye da mita biyu da rabi, a kan dakali mai fiye da mita uku, in ta faɗo kan mutum ta gama da shi. Bayan kwana uku kacal, a Portsmouth ta jihar Virginia, wani gunki ya faɗo wa wani mai zanga-zanga a ka, ya ji mummunan rauni. Kuma taro ba ya tantancewa: a Madison ta jihar Wisconsin an karya mutum-mutumin Hans Christian Heg, mutumin da ya yi yaƙi da bauta har ya mutu a fagen daga.

Sai dai duk wanda zai zargi masu igiya, ya fara da zargin waɗanda suka toshe ƙofa. Tun shekarun 1990 mutanen Bristol suke kuka a kan wannan mutum-mutumi. A 2018 aka amince a ƙara allo na biyu da zai faɗi gaskiya. Rubutun farko ya ambaci mutum 84,000, da yara 12,000, da 19,000 da suka mutu. Sai aka yi ta ja-in-ja, da sa hannun wata tsohuwar ƙungiyar attajiran birnin, ana rage kaifin kalmomin, har aka cire ambaton yaran. An riga an ƙera allon lokacin da magajin gari Marvin Rees ya hana a manna shi a watan Maris na 2019, domin ya ga an wanke laifin. Manufar gwamnatin Birtaniya ta 2021, wadda ta ce a bar abu a wurinsa a yi masa bayani, nan take tuntuɓe: wa zai rubuta bayanin? Kuma allo mai faɗin tafin hannu biyu ba ya gogayya da ƙaton gunkin da ake hange tun daga nesa.

An gurfanar da mutum huɗu a kotu kan kayar da mutum-mutumin Colston. Ranar 5 ga Janairun 2022 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke su. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta fayyace cewa 'yancin zanga-zanga ba zai zama kariya ga ɓarna mai yawa ba nan gaba.

Yadda ake yin aikin idan ana so ya yi kyau

Abin da Bristol ta yi bayan faɗuwar ya fi faɗuwar kanta muhimmanci. Bayan kwana huɗu aka tsamo shi da ƙugiya. Masu adana kayan tarihi suka wanke taɓon da ya cika cikinsa, domin danshi da laka suna cin ƙarfe ta ciki, suka busar da shi. Ba su kankare jan fenti da shuɗi da aka fesa masa ba, sun ma yi ƙoƙarin kada fentin ya ɓare, domin shi ma ya shiga tarihin abin. Ba su gyara ɓallin da ya samu ba. Sun tattara ɗaruruwan kwalayen da masu zanga-zanga suka bari a wurin. A cikin rigar tagullar ma sun tarar da wata mujalla ta 1895 da ma'aikatan da suka girka shi suka rubuta sunayensu a kai suka cusa.

Sannan aka kafa kwamitin masana tarihi, aka tambayi jama'a. Kusan mutum 14,000 suka amsa, kuma huɗu cikin biyar na mazauna birnin da suka amsa sun ce a kai shi gidan tarihi. Tun 2024 yana gidan tarihi na M Shed, a kwance, tare da labarin cinikin da labarin faɗuwar. Yau wanda ya je kallonsa zai san adadin mutanen da aka kwasa, abin da bai taɓa sani ba lokacin da yake tsaye.

Garin da zai bi hanyar doka sai ya fara da tantance mai abin da mai filin. A Richmond ta Virginia, takardun mallaka na 1887 da 1890 sun riƙe aikin sauke gunkin Lee fiye da shekara guda a kotu, sai ranar 8 ga Satumban 2021 aka ɗaga shi, kuma da yake ya kai tan 12, sai da aka yanka shi biyu kafin ya hau mota. A ɗauki hoto da awon komai kafin a taɓa. A tanadi kuɗi da tsaro: a New Orleans a 2017 ma'aikata da dare suka yi yawancin aikin, fuska a rufe, sanye da rigar sulke saboda barazanar kisa, kuma aikin ya ci fiye da dala miliyan biyu. Babban kuskuren da ake yawan yi shi ne sauke abu ba tare da an san inda za a kai shi ba. Gumaka da dama sun ƙare a sito a lulluɓe da tamfol, ba su tsaye, ba sa kuma koyar da kowa komai. Kada kuma a bar dakalin haka nan ba bayani, domin nan da shekara ashirin ba wanda zai tuna abin da ya tsaya a kai.

Saukewa ita ce mai arha

A 1833 da Birtaniya ta hana bauta, ta biya diyyar fam miliyan 20, kimanin kashi 40 cikin ɗari na abin da gwamnati take kashewa a shekara. Masu bayin aka biya. Bayin, su kimanin 800,000, ba a ba su ko sisi ba, aka ma tilasta musu ci gaba da aiki kyauta har 1838 da sunan koyon sana'a. John Gladstone, mahaifin wanda ya zama firaminista, ya karɓi fiye da fam 100,000 a kan mutum kimanin 2,500. Bashin da gwamnati ta ci don wannan biya sai a 2015 aka gama da shi, wato jikokin bayin da ke biyan haraji a Landan da Bristol sun taya biya. Faransa kuma a 1825 ta ɗora wa Haiti faran miliyan 150 a matsayin kuɗin 'yancinta.

Sauke tagulla ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa hukumomi da yawa suke son a tsaya a kan gumaka: rigima ce mai ƙara, amma ba ta shiga aljihu. Aikin da jami'ar UCL ta Landan ta yi na tattara sunayen duk waɗanda suka karɓi diyyar a intanet, wanda kowa zai iya bincika, a ganina ya fi sauke gunki goma amfani.

Namu fa?

Mu ba ma kafa gumaka, addininmu bai yarda ba. Amma muna da sunayen tituna da unguwanni, muna da kirari, muna da abin da muke koya wa yara da abin da muke ɓoye musu. A Oktoban 2024 Yamai ta cire sunan Charles de Gaulle daga babban titi ta sa na Djibo Bakary, mutane suka yi murna. Cire sunan baƙo ba shi da wuya. Mai wuyar shi ne na gida.

Bauta ba labarin Turawa ba ne kaɗai. Tun 1615 Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu ya ba da fatawa yana hana bautar da Musulmin Kano da Katsina da Gobir da Barno, wato ana yi ke nan. An kai Hausawa har Bahia ta Barazil, inda suka shirya tawaye a 1807, suka kuma shiga na 1835. A gida kuwa, Baturen matafiyi Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya ƙiyasta fiye da rabin mazauna birnin bayi ne, Barth kuma a 1851 ya ƙiyasta ana fitar da kimanin 5,000 daga Kano a shekara. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya ƙiyasta bayin Daular Usmaniyya ta Sakkwato a ƙarshen ƙarni na 19 tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu da rabi. Rinji (ƙauyen bayi) da gandu, murgu (kuɗin da bawa yake biyan ubangidansa don ya yi aikin kansa) da fansa, cucanawa ('ya'yan bayi da aka haifa a gida), duk tsarin rayuwa ne da kakanninmu suka sani. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sun san kasuwar bayi ta Salaga. Dokar Lugga ta 1901 'ya'yan da aka haifa bayanta kaɗai ta 'yanta, sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewacin Najeriya.

Kuma abin bai mutu ba. Har yau akwai gidajen da ake fasa aure idan binciken asali ya nuna kakan yaro bawa ne. A Nijar sai a 2003 aka mai da bauta laifin da ake hukuntawa, bayan gwagwarmayar ƙungiyar Timidria. A 2008 kotun ECOWAS ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a kan jaka 240 ta sefa, ta kuma sa a biya ta sefa miliyan 10.

Wasu za su ce tono wannan zai ba Turawa hujja, su ce ai ku ma kun yi. Sun riga suna faɗa. Laifin mai sayarwa ba ya wanke mai saye, kuma wanda ya faɗi nasa da bakinsa ya fi ƙarfin neman haƙƙi a wurin wani. Wasu kuma za su ji tsoron a taɓa mutuncin magabata. Ba wanda ya ce a canza sunan masallaci ko a zubar da darajar wani malami. Abin da ake nema shi ne wanda Bristol ta yi a ƙarshe: cikakken labari, a wurin da jama'a za su gani.

Najeriya ta cire darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare fiye da shekara goma kafin a dawo da shi, kuma wannan shi ne goge tarihin da ya kamata mu ji zafinsa. Yanzu da ya dawo, a sa babi a kan bauta a ƙasar Hausa, da sunayen garuruwa da hanyoyi da shekaru. Takardun 'yanta bayi da bayanan kotunan alƙalai na farkon mulkin mallaka suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, takarda ce kuma tana ruɓewa, a ɗauki hotonsu a sa a kwamfuta. Gidajen tarihi irin su Gidan Makama da Arewa House su ne wuraren baje wannan ga ɗalibai. Duk wanda aka haifa kafin 1936 yanzu ya doshi casa'in ko ya wuce. Sassan tarihi na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai su tura ɗalibai ƙauyukan da suka samo asali daga rinji da gandu, da na'urar ɗaukar murya, da izinin dattijon a rubuce, da alkawarin sakaya sunan duk iyalin da ba su so a ambace su.